'YAR AKAWU BA TA GANI DA IDONTA BA

Shafi na 12

Masu aiko mini saƙo kuna cewa ina labarin Rediyo, na gani, na kuma ji ƙorafinku. Ga ta nan tafe. Amma ku yi mini uzuri in fara da ubanta, domin yau ranarsa ce.

Idan ka tambayi mutanen layinsu game da uban nata, Akawu, kowa zai ce maka mutumin kirki ne. Sai dai kowa yakan ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da "amma."

Mai shagon bakin layi ya ce, "Ba ya faɗa, ba ya gulma. Amma ranar da ya taka mini ƙafa, na tsaya ina jiran ya ce sannu, sai ya dube ni ya ce ai ƙafata ce ta shiga ƙarƙashin tasa."

Lauyan da yake yi wa aiki ya ce, "Ban taɓa samun akawu irinsa ba. In ya zauna da mai ba da shaida kafin a shiga kotu, to ko alƙali zai yi kuka, ba zai ciro kalma ɗaya da ba a shirya ba."

Kaka, wato mahaifiyarsa, ta ce, "Tun yana yawo ba wando haka yake. Ya fasa mini tulu, na kama shi da bakin tulun a hannunsa, ya ce tulun ne ya gaji."

Matarsa kuwa ba ta cewa komai. Kabad kawai take buɗewa ta nuna maka filas a jere, ja da shuɗi da mai fure.

"Kowanne da laifinsa," in ji ta. "Wannan jan, ranar da ya manta da ni a asibiti ya taho gida ne. Wannan mai furen, ranar da ya ce ƙanwata ta fi ni iya girki."

Haka Akawu yake ba da haƙuri. Ya sayo filas, ya ajiye, ya fita. Bakinsa bai taɓa furtawa ba, domin a wurinsa wanda ya ba da haƙuri ya amsa laifi, wanda ya amsa laifi kuwa shari'a ta ƙare.

To shi ne Allah ya ba shi Rediyo.

'Yarsu ke nan guda ɗaya, tana aji huɗu. Tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba, shi ya sa ake kiranta Rediyo. Me ya sa wata yake bin mota? Ina ƙudaje suke kwana? In kifi ya ji ƙishi ya yake yi? A ajinsu ta sha durƙuso saboda tambaya har gwiwarta ta yi kanta.

Rannan ta leƙa tagar ajin masu hazaƙa, wanda ake zaɓen yaransa da gwaji na musamman. Ta ga wani yaro ya ɗaga hannu ya yi tambaya, malamin bai ce ya rufe baki ba, har ma ya ajiye alli ya zauna yana saurarensa. Ta dawo gida a guje ta ce, "Umma, akwai ajin da ba a hana tambaya!"

Tun daga ranar ba ta da zance sai na ajin nan.

Gwajin kashi biyu ne. Na rubutu ta zarce kowa. Na baki, wanda ake shiga ɗaki kai kaɗai da mai gwaji, shi ne aka ce ta faɗi warwas. Daga nan Rediyo ta mutu. Gidan ya yi tsit, har ana jin agogon bango.

Wata rana da safe Akawu ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa kotu, da jaka a hannu.

"Ina zuwa haka?" in ji matarsa.

"Makaranta. Magudi aka yi mana."

"Jiya ka ce laifina ne, ni na bar ta da surutu."

"Wannan ma ban janye ba. Amma yau na magudi za a saurara."

Kaka ta fito tana neman takalminta.

"Inna, ina za ki?"

"Inda za ka."

"Maganar hukuma ce fa."

"Shi ya sa. Ba ni zama a gida a ba ni labari a gutsure."

Haka su ukun, har da matar, suka isa ofishin Hedimasta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da fanka mai juyawa tana kaɗa kai kamar za ta faɗo, da kofunan gasa da suka yi ƙura, da taswirar duniya wadda ɗanshi ya cinye rabin teku. A gefe wata doguwar mata mai tabarau tana cusa katunan hotuna cikin jaka. Ita ce Malamar Gwaji, wadda aka turo daga ofishin ilimi. Aikinta a makarantar ya ƙare, direba yana jiranta a waje.

Akawu ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ban zo da faɗa ba. Na zo ne in ji a kan wace hujja aka zubar mini da 'ya."

Hedimasta ya dubi kwat, ya dubi jaka, ya nuna Malamar da haɓa. "Ga mai abin nan."

Ta ɗago. "Wace ce 'yar taka?"

"Wadda ta fi kowa a rubutu."

Ta ajiye jakar a hankali. "Kai ne mahaifinta? Alhamdulillahi. Wallahi na so in gan ka."

"Ga ni."

"Malam, na daɗe a aikin nan. Na ga yaron da ya yi kuka. Na ga wanda ya jiƙa wando. Har wanda ya cije ni na gani. Amma ban taɓa ganin irin 'yarka ba."

"Yabo ne wannan ko zargi? Ina so in san yadda zan ɗauke shi."

"Ba zan faɗa maka ba. Gara ka gani da idonka."

Aka aika aka kira Rediyo. Ta shigo ta gaida kowa da ƙaramar murya. Da ta ga Malamar, sai ta miƙe baya, ta zauna a bakin kujera, ta ɗora hannaye a gwiwa, ta kafa wa bango ido daidai saman kan matar.

Uwarta ta ce a ranta, wannan zaman kuma a ina ta koya?

Malama ta yi murmushi. "'Yata, kin tuna ni?"

"Na taɓa ganinki."

"To ya sunanki?"

"Yana cikin takardar da ke gabanki."

Kaka ta ce, "Iye?"

Malama ta ɗaga mata hannu, ta ci gaba. "Wani mutum yana da lemu bakwai, ya ba maƙwabcinsa uku. Saura nawa?"

"Ba na wurin."

"Misali ne, 'yata."

"Ban san mutumin ba. Maƙwabcin ma ban san shi ba."

"To in da kina wurin fa?"

"Ba zan yi magana a kan abin da bai faru ba."

Akawu ya gyaɗa kai a hankali. "Madalla," ya ce ƙasa-ƙasa.

Matarsa ta juyo ta dube shi, ta mayar da kai.

Malama ta ciro kati ɗaya daga jaka. Hoton yaro ne riƙe da lema, ga ƙasa a jiƙe.

"Dubi nan. Me kike ganin ya faru kafin a ɗauki hoton nan?"

"Ba na hasashe."

"Ga lema, ga ƙasa a jiƙe. Ba ruwan sama aka yi ba?"

"Ban gani da idona ba."

"Ko kaɗan ba ki da wani tunani?"

Leɓen Rediyo ya fara rawa. Ƙafarta ta fara kaɗawa. Idonta ya sauko daga bango ya faɗa kan hoton, sai magana ta kufce mata kamar an ɓalle famfo.

"Ai ƙila ma ba ruwan sama ba ne, tunda bangon bayansa a bushe yake, ƙila ruwan wanki aka zubar, lemar kuma saboda rana ce, ga inuwarsa nan ma a ƙa..."

Ta toshe baki da hannu biyu. Ta saci kallon ubanta.

"Na janye," ta ce.

Malama ta rufe ido kamar wadda haƙori ya sara. Ta buɗe wani ɗan gwangwani ta miƙa mata. "Ungo biskit, ki huta."

"Ba na karɓar komai daga hannun mai tambaya."

Nan Akawu ya miƙe, fuskarsa tana sheƙi.

"To! Kun ji da kunnenku. Ranka ya daɗe, kai shaida ne. Ina kuskure a nan? Tarko nawa aka ɗana mata? Sau ɗaya ta zame, nan take kuma ta janye. Na ga manyan 'yan kasuwa masu gemu sun rushe a tambaya ta biyu. Yarinya ƙarama ta tsaya kamar dutse, a ce ta faɗi? In ba magudi ba, mene ne sunan wannan?"

Fanka ta ci gaba da kaɗa kai.

Matarsa ta juyo gaba ɗaya, har kujerarta ta yi ƙara.

"Baban Rediyo."

"Na'am."

"Ranar Asabar ɗin nan da ka ce za ka kai ta sayen takalmi."

"Eh."

"Ina takalmin?"

"Ba a samu lambarta ba."

"Tun safe har la'asar?"

"Kasuwar tana da girma."

Ta juya wurin 'yarta. "Ke, ina kuka je ke da babanki?"

Rediyo ta dubi bango. "Sirri ne tsakanin lauya da mai ƙara."

"La'ilaha illallahu!" in ji Kaka. "Ke 'yar nan, ni ce fa kakarki. Ni na haifi lauyan naki, na yi masa tsarki!"

Hedimasta ya fara tari a cikin hankicinsa, tarin da bai yi kama da tari ba.

Akawu ya ga an ƙure shi, sai ya ɗaga haɓa.

"Ba sai an matsa wa yarinya ba. Eh, ofis na kai ta. Na zaunar da ita a kujerar masu ba da shaida, na shirya ta. Laifi ne uba ya shirya 'yarsa?"

"Ka shirya ta ta yi me?" in ji matarsa.

"Ta tsira! Baƙuwar mata za ta kulle ɗaki ta yi wa 'yata tambayoyi, ba ni, ba ke, ba lauya. Kina so in sake ta haka da bakin nan nata? Kin san yadda take. A tambaye ta ƙarfe nawa, ta ba da tarihin agogo. Ni na san abin da baki yake jawowa. Mutum mai gaskiya yakan shigo kotu da gaskiyarsa a hannu, ya ƙara kalma ɗaya da ba a tambaye shi ba, a wuce da shi ta ƙofar baya iyalinsa suna kuka. Na gani, ba labari aka ba ni ba."

Ya kau da kai yana gyara wuyan kwat.

"Me ka ce mata?" in ji Malama.

"Abin da ake faɗa wa kowa. Abin da ba ki gani da idonki ba, ba ki sani ba. Kada ki ce 'ina ganin.' In aka maimaita tambaya, rami ne. Mai tambayar da ya yi miki murmushi kuwa, shi ya fi kowa haɗari."

Malama ta taɓa fuskarta. "Ni kuwa na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji."

"Ai ta faɗa mini. Na ce mata kin ƙware."

Kaka ta fashe da dariya har da buga cinya. "Wayyo cikina! An kai yarinya gwajin ƙwaƙwalwa, uba ya sa mata kwaɗo a baki!"

"Inna, don Allah."

"Ban gani da idona ba!" Kaka ta maimaita tana share hawaye. "Lemu bakwai! Ni da ban taɓa riƙe alli ba na san saura huɗu."

"Kin ga? Da a kotu ne da kin jawo wa kanki. Wa ya ce miki bai ci ɗaya a hanya ba?"

Matarsa ba ta yi dariya ba.

"Yarinyar nan ta daina cin abincin kirki," ta ce. "Na kai ta kantin magani, na ce ko zazzaɓi ne. Kana kallona. Ka ce ni na lalata ta da surutu. Ashe kai ka kashe mini Rediyo."

"Ban kashe ba. Rage sauti na yi."

"Allah ya ba ka lada."

Malama ta cire tabarau ta goge.

"Malam, zauna." Ya zauna, ko shi bai san ya zauna ba. "A ɗakina ba wanda ake tuhuma. Hasashen nan da ka hana ta, shi na zo nema tun daga ofis. Ba amsar ce ta dame ni ba, so nake in ji yadda kan yaro yake tafiya. Ka ji abin da ya kufce mata a kan hoton nan? Yara nawa na nuna wa, ba wanda ya lura bangon a bushe yake. Ni kaina ban lura ba."

Akawu ya leƙa hoton.

"Akwai gurbi ɗaya da ya rage," ta ci gaba. "Iyayen wani yaro sun tashi daga unguwar. In na fita ƙofar nan, na gaba a layi za a ba. Ba zan iya sa yarinya a ajin don ta iya yin shiru ba. Amma zan yi mata tambaya ɗaya. In ta amsa mini da bakinta na gaskiya, gurbin nata ne."

A waje direba ya danna hon.

Malama ta jawo kujera ta matso kusa da Rediyo. Wannan karon ba ta yi murmushi ba.

"'Yata, da a ce gobe a wayi gari babu inuwa a duniya, ko ta mutum, ko ta bishiya, ko ta gida, me zai faru?"

Kai, da kun ga idon Rediyo. Ya kawo haske kamar an kunna fitila. Yatsun ƙafarta suka fara motsi a cikin takalmi. Kumatunta suka cika, kana gani ka san amsa ta kai goma tana turereniya a bakin ƙofa.

Ta haɗiye su duka.

"Ban je goben ba," ta ce.

"Innalillahi," in ji uwarta.

Akawu ya sunkuyo. "Ke, amsa mata."

Rediyo ta kafa wa bango ido.

"Na ce ki amsa. Na ba ki izini."

Rediyo ta girgiza kai. "Baba, haka ka yi mini a ofis."

"Me na yi?"

"Ka ce mun gama, ka cire kwat, ka ce to yanzu tsakaninmu, biyu da biyu nawa ne. Na ce huɗu. Ka buga tebur ka ce an kama ni. Ka ce ko kai da kanka ka ce in canja, kada in canja, gwada ni ake yi."

Hedimasta ya juya ya fuskanci taswira, kafaɗunsa suna rawa.

"Wancan horo ne," in ji Akawu. "Wannan kuma gaske ne."

"Wancan ma ka ce gaske ne."

Akawu ya dubi matarsa neman taimako. Ta naɗe hannu ta dubi fanka.

"To ji nan, 'yar albarka. In kika amsa, in mun fita zan saya miki..."

"Kada ka ce filas," in ji matarsa.

"Ƙarami ne, na yara, mai igiya."

"Ba na son filas, Baba."

Hon ya sake tashi, dogo wannan karon. Malama ta dubi taga, ta jawo jakarta kusa.

Akawu ya sauke murya, ya koma irin wadda yake lallashin masu shaida da ita.

"Saurara. Dokokin nan da na faɗa miki na kotu ne. Nan kuwa makaranta ce. Kin ga ai da bambanci."

"Ka ce duk inda aka zaunar da mutum aka yi masa tambaya, kotu ce."

"Na faɗa, amma..."

"Ka kuma ce wanda ya faɗi magana jiya, ya zo yau ya faɗi wata, shaidar zur ya yi. Ka ce kulle shi ake yi."

"Haka ne, sai dai..."

Sai ta tsaya cak. Ta dube shi, ta dubi Hedimasta, ta dubi Malama. Idonta ya ciko.

"Baba, kai ma yanzu ka canja magana."

"A'a, ni..."

"A gabansu ka canja. Sun ji." Muryarta ta karye. "Kulle ka za a yi?"

Kafin kowa ya ce uffan, ta diro daga kujera ta sha gaban ubanta, ta ware hannaye, ita da ko aljihun kwat ɗinsa ba ta kai ba.

"Malama, na haƙura da ajin. Ki ba wancan yaron. Babana bai ce komai ba, ba ku ji komai ba. Ni ce ban san amsar ba. Ni daƙiƙiya ce. Don Allah ki tafi kawai."

Dariyar Kaka ta ɗauke. Hedimasta ya juyo daga taswira. Uwar ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Malama ta tsaya tana kallon yarinyar. Sannan ta miƙe, ta rataya jaka, ta nufi ƙofa a hankali, tafiyar wadda ba ta son ta isa.

"Malam," ta ce ba tare da ta juyo ba, "ni ba zan iya buɗe abin da ba ni na kulle ba."

Akawu yana zaune, yana kallon bayan kan 'yarsa, da ɗan kitson da ya fara warwarewa, da kafaɗun da suke rawa. Ya laluba jakarsa kamar maganar da zai faɗa tana ciki.

Kaka ta matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana."

"Na'am, Inna."

"Tulun nan fa bai gaji ba."

Hannun Malama ya kai kan mariƙin ƙofa.

Akawu ya ajiye jakar a ƙasa. Ya cire kwat ɗin, ya rasa inda zai sa, ya miƙa wa Hedimasta, shi kuwa ya karɓa. Akawu ya zame daga kujera ya durƙusa a kan siminti, da wandonsa mai guga, ya juyo da Rediyo suka fuskanci juna.

"Wannan ma gwaji ne?" ta tambaya tana jan hanci.

"A'a."

"Da me zan gane?"

Ya dubi matarsa, ta zuba masa ido. Ya dubi uwarsa, ta gyaɗa kai. Mariƙin ƙofa ya yi ƙara.

Sai ya riƙe hannayen 'yarsa biyu, ya faɗa da ƙarfi, yadda har direban da ke waje sai da ya ji:

"Ba wanda za a kulle. Abin da na koya miki ba daidai ba ne, kuma ba laifin uwarki ba ne, ba na Malama ba ne. Ni ne. Ni na yi kuskure. Ki yi haƙuri, 'yata. Don Allah ki yi haƙuri."